Kujerar da Rahamatu Ta Bari a Tsohon Gida

"Na ce ki tashi daga kanta, Zaratu. Ba wasa ya kawo ni ba."

"Ai tun ɗazu na ji ki, ƙawa. Ni tambaya nake, in na tashi a kan me zan zauna? Ko za ki ɓallo mini kwano ɗaya daga rufin gidanki in shimfiɗa?"

Matan da ke zaune a tsakar gidan suka dukar da kai cikin kwandunan goro, kafaɗunsu na rawa. Babu wadda ta yarda aka ga haƙorinta, domin goron da suke ɓarewa na mijin Rahamatu ne, Malam Sumana, kuma mai hankali ba ta yi wa matar mai goro dariya a fili.

Rahamatu na tsaye a kan Zaratu, ta ci ɗamara da mayafin da aka kawo mata daga Ikko. Abin da ta zo nema kuwa wata 'yar kujera ce ta tsugunno, sassaƙar Tonawa, mutanen ƙasar Kumasi, mai lanƙwasa a sama, ta tsufa ta yi baƙi, gefe guda ma ya tsage an ɗaure da tsumma. Da hannunta ta ba Zaratu ita ran da za ta tare a sabon gida. A ranar har cewa ta yi ita ta gama da zaman tsakar gida, wanda ya ga dama ya gada.

"Kyauta kika ba ni a gaban mutane," in ji Zaratu.

"To a gaban mutane na zo karɓa."

"Me za ki yi da ita? An ce a ɗakinki har kujera mai jingina irin ta Turawa akwai."

"Wa ke kawo miki labarin ɗakina?"

"Ke, ƙawa. Sau nawa?"

Nan wata ta kasa riƙewa, ta mai da ita tari. Zaratu ta tashi, ta karkaɗe kujerar da gefen zane, ta miƙa mata da hannu biyu. Sai ta jawo wani tsohon turmi ta kwantar, ta zauna a kai, ta ci gaba da ɓare goronta. Kafin Rahamatu ta kai zaure ta ji muryar Zaratu a baya, ta tsokani wata, an fashe da dariya.

Wannan dariyar ita ta raka Rahamatu har gida. Me ya sa ta bayar da sauƙi haka? Wanda aka ƙwace wa abu ai yakan ɗan ja.

To, bari a koma baya kaɗan, don wanda bai san su ba zai ce a kan katako ake wannan faɗan.

Rahamatu da Zaratu tare suka shigo Zangon Kumasi suna amare, ayari ɗaya ya kawo su ta Salaga. Aka ba su ɗakuna masu kallon juna a babban gidan nan na haya da fataken goro ke sauka. Tun daga nan suka ƙulla ƙawance, irin wanda in ɗaya ta haihu ɗayar ce ke dafa ruwan wanka, in ɗaya ta yi faɗa da miji ɗayar ma sai ta ɗaure wa nata fuska. Aikinsu ɗaya da sauran matan gidan. In an kawo sabon goro daga ƙauyukan daji, su jiƙa shi, su saɓe farin ɓawon, su wanke, su tsince mai sankara, su jera mai kyau cikin ganyen fita a ɗaure huhu a kai tashar jirgin ƙasa. Hannu ya yi ja, baya ya ƙage, baki kuwa ba ya hutawa. Duk abin da ya faru a Zango, daga auren da ya mutu zuwa wanda ake shirin kashewa, a wannan tsakar gidan ake fara wanke shi kafin goro.

A duk shekarun nan magana ɗaya ce a bakin Rahamatu. In dai Allah Ya ba Malam ya gina gidan kwano, ita shi ke nan, ba za ta ƙara sanin ɓacin rai ba. Ba yoyo, ba layin makewayi, ba 'ya'yan wasu su yi maka fitsari a bakin ƙofa, ba jan hannu. Ta zauna kawai a kawo mata. Ta faɗa ta faɗa har yaran gidan suka haddace.

Sai ga shekarar marisuwa, annobar mashassharar nan da ta bi gida-gida. Ta ɗauke Rafi'u, mijin Zaratu, mutum mai sanyin hali da ke ɗinkin huhu. Zaratu ta yi takaba, ta rame, ta zama kamar ba ita ba. Rahamatu ce ke ɗura mata koko a baki. Kowa ya ce wannan kam ta gama dariya a duniya. A wannan tsakanin ne kuma goro ya yi wa Malam Sumana kyau, ya gina gidansa can gefen Zango, bango dogo, rufin kwano yana ƙyalli har daga kasuwa ana hangowa. Rahamatu ta tare, aka yi guɗa, aka raba waina.

Makonnin farko, kai, ba a magana. Takan tsaya tsakar gida ta ɗaga kai ta kalli rufin har wuyanta ya yi ciwo. In an yi ruwa ta zauna tsakiyar ɗaki tana jin daɗin ba ta tara kwarya ko ɗaya ba. Sai a hankali rufin ya koma rufi kawai. Wata rana ta lura ta wuni ba ta kalle shi ba. Ta ce ko gado ne, aka kawo gadon ƙarfe. Shi ma ya yi kwanakinsa ya zama wurin kwanciya. Ta ce ko 'yan kunne ne, maƙerin zinariya ya zo har gida. Ta sa, ta duba madubi, ta juya hagu ta juya dama, babu wanda zai ce sun yi kyau sai kaji. Hannunta ya yi fari tas, ya yi laushi, ta rasa abin da za ta yi da shi. Matan tsohon gida sun zo sau ɗaya ganin ɗaki, suka zauna a ɗarare kamar a gidan alƙali, ba su sake dawowa ba. Zaratu kaɗai ta rage mai leƙo ta, ita ma sai in aiki ya yi sauƙi. In aka cire Zaratu, Rahamatu ba ta da wanda za ta kira nata a duk ƙasar Tonawa.

Abin da ya fara tsaya mata a rai shi ne, duk zuwan da Zaratu za ta yi sai ta ga ta ƙara kumatu. Matar da ba miji, ba gida, rufin ɗakinta na ciyawa yana yoyo a kan tabarma, amma ta dawo da dariyarta har da ƙari. Rahamatu ta zauna ta yi lissafi a zuci. Yaushe dariyar Zaratu ta dawo? Bayan tarewarta. Yaushe tata ta fara tafiya? Bayan tarewarta. Ta juya maganar ta kowace fuska, nan take komowa.

Wadda ta ƙarasa ta kuwa Mame Ajuwa ce, wata Batoniya mai kawo ayaba da rogo gidan. Ta sauke kaya ta sha ruwa, da za ta tashi sai ta karkata kujerar da ta zauna a kai ta jingina da bango. Rahamatu ta tambaye ta dalili. Matar ta ce da 'yar Hausarta ai su haka suke yi, kujerar mutum tana riƙe da wani abu nasa, in ka bar ta a tsaye ba kowa, wani abu na iya zuwa ya zauna. Su ba sa ba da kujerarsu aro ma, balle kyauta.

"In wani ya daɗe yana zama a kan taka fa?"

Mame Ajuwa ta ɗaga kafaɗa, ta ɗauki tirenta. Ita ta manta da zancen kafin ta kai bakin hanya. Rahamatu kuwa a ranar ko tuwo ba ta ci ba. Shekara da shekaru tana dariya a kan kujerar nan, duk ta tsuma a cikin katakon, ita kuma da wautarta ta ɗauka ta miƙa wa mai takaba. Washegari ta nemi izinin Malam wai za ta gaida mara lafiya, ta je ta yi abin da kuka ji.

To ga kujera ta dawo. Rahamatu ta ajiye ta tsakiyar ɗaki, ta yi bisimilla, ta zauna, ta ɗora hannu a gwiwa tana jira. Ta jira har ƙafarta ta yi sanyi. Ta ce wataƙila ba a ɗaki take aiki ba, ta fitar da ita tsakar gida, ta fuskanci gabas kamar yadda take zama a tsohon gida. Kaji suka zagaye ta suna kallo. Ta gwada da safe, ta gwada bayan la'asar. Ta gwada da tsohon zaninta na aiki. Har dariyar ta gwada fara yi da kanta ko za ta kama, sai ta ji muryarta ta bugi bango ta dawo, ta yi sauri ta rufe baki.

Malam Sumana ya shigo ya same ta a haka.

"Ke kuma lafiya? Ga kujera na sayo miki daga garin Sakunde, kin koma kan wannan ɓawon itace?"

"Malam, kai tun da muka tare a nan, yaya kake jin ranka?"

"Raina? Alhamdu lillahi." Ya ɗan tsaya yana kallon sama. "Sai dai kin ga gidan da Buraima ke ginawa kuwa? Wai bene zai yi. Bene, a Zango. Mutumin da ni na koya masa duba goro."

Ya shiga ɗaki yana tsaki. Rahamatu ta bi shi da kallo ta ce a ranta, shi ma an taɓa shi.

Labari kuma na zuwa mata daga tsohon gida cewa Zaratu na nan kan turminta, dariya ba abin da ya ragu. Nan Rahamatu ta gane, a ganinta, dalilin da ya sa aka ba ta kujerar ba gardama. An riga an kwashe abin da ke ciki. Fanko aka miƙo mata, har da hannu biyu don a raina mata hankali. Amma ina aka zuba shi? Wannan ne ba ta sani ba, shi ne kuma ya hana ta cin abinci har wuyanta ya fara fitowa.

Malam Sumana ya faɗi zancen ramar a wurin ɗaurin huhu, ya kai kunnen Zaratu. Wata ranar Laraba da hantsi sai ga ta ta yi sallama, da kwandon jiƙaƙƙen goro a ka.

"Ba wurinki na zo ba," in ji ta tana saukewa. "Kujerata na zo gaisarwa. Aiki kuma ba zan bar shi don ke ba, sai ki yi haƙuri da ƙazanta a gidan kwano."

Rahamatu ta amsa a daƙile, tana kallon hannun Zaratu, tana kallon wuyanta ko akwai sabuwar laya. Zaratu ta baje a ƙasa ta fara aiki. Can sai ta turo ƙwarya guda gaban Rahamatu ba tare da ta dube ta ba. Rahamatu ta ce a ranta bari ta karɓa don ta samu ta matso kusa ta lura da kyau. Ta zauna a kan 'yar kujerar, ta sa hannu cikin ruwan. Yatsun ba su manta ba.

Hadari ya taso, suka ja kayan zuwa cikin ɗaki. Ruwa ya sauko a kan kwanon kamar ana jifa da tsakuwa, sai da suka riƙa ɗaga murya.

"Wannan ne abin da kika shekara kina roƙon Allah?" in ji Zaratu. "Namu rufin yana jiƙa mutum, amma yana barinsa ya ji gulma."

"Wace gulma ta rage a Zango?"

"Au, ba ki ji na Jibirin tela ba? Ya sayi keke."

"Jibirin mai tumbin?"

"Shi. Ya ce tun da ya ga wani akawu a kai bai ƙara barci ba, in bai mallaka ba mutuwa zai yi. To ya mallaka. Ranar farko ya hau daga kan tudu, keken ya ga rafin Subin ya ce ƙishirwa yake ji. Mata masu wanki ne suka tsamo shi, rawani ya bi ruwa."

"Ƙarya kike, ƙawa."

"Wallahi. Yanzu kullum da shi yake zuwa masallaci, amma tura shi yake, yana tafe yana buga ƙararrawa. Liman ya tambaye shi, Malam Jibirin, kai ke kai shi salla ko shi ke kawo ka? Matarsa kuma ta ce a ɗaki keken yake kwana, ita aka mayar bakin ƙofa."

Rahamatu ta so ta daure, abin ya fi ƙarfinta. Ta tuntsire har ƙwaryar ta kife, ruwan goro ya malale a kan sabon daɓe. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba, tana dukan cinyar Zaratu tana cewa ta bari haka. Zaratu ta ƙara da kwaikwayon tafiyar Jibirin a zaune. Suka yi ta yi, daga wannan su faɗa wancan, goro na raguwa a kwando, har Rahamatu ta tashi da kanta ta ɗumamo tuwon jiya suka ci a kwano ɗaya, ta side hannu.

Tana cikin sidar hannun ne ta tsaya cak.

Daga ina wannan ya fito? Ta yi makonni a kan kujerar nan ba ta ji komai ba. Yau matar nan ta shigo, abin ya shigo. Ashe ba a tsohon gida aka binne shi ba, a jikinta take yawo da shi. Kuma in ta tashi tafiya, da shi za ta tafi.

Idonta ya sauka a kan wani ƙulli a bakin zanen Zaratu, ɗan ƙarami, an ɗaure shi tamau, wurin har ya yi duhu don yawan taɓawa.

"Mene ne wannan?"

"Wanne?" Zaratu ta kai hannu ta rufe shi. Wannan rufewar ita ta ƙarasa komai.

"Kwance in gani."

"Ba abin ganinki ba ne, ƙawa. Miƙo ganyen nan."

"In ba abin tsoro ba ne me ya sa kika ɓoye? Zaratu, ni na ɗura miki koko kina kwance kamar gawa. Da me na cuce ki? Wa ya yi miki aikin? Malami ne ko bokan Tonawa?"

"Wane aiki?"

"Kin kwashe abin da ke cikin kujerata kin ƙulle a zane, kin bar ni a gidan nan kamar an yi mini mutuwa, ke da aka yi wa mutuwar kina ta ƙiba."

Zaratu ta buɗe baki za ta yi dariya, ta ga fuskar ƙawarta, ta fasa. Kafin ta ankara Rahamatu ta cafko bakin zanen, ta sa haƙori ta warware ƙullin. Wani abu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gadon ƙarfe. Rahamatu ta rarrafa ta ɗauko. Ɓarin goro ne, ya bushe ya yi baƙi ya taurare kamar dutse, da shaidar haƙori a gefe guda.

"Goro," in ji ta a hankali. "Da goro aka haɗa. Na san za a yi haka."

"Ba ni."

"Ki bar shi ya kwana a nan. In ba komai a ciki, ai gobe zan tashi yadda nake, in aiko miki da abinki."

"Rahamatu, ba ni."

Tun suna amare Zaratu ba ta taɓa kiran sunanta gatsau haka ba. Ta kama hannun ta murɗe, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta karɓe. Ta daɗe tana goge shi da zane kafin ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ruwan saman ma ya tsagaita kamar yana son ji.

"Na Rafi'u ne. Da safen da zazzaɓin ya kama shi ya gutsura ya ce bakinsa ba daɗi, in riƙe masa sai an jima. Shi ne nake riƙe masa."

Rahamatu ta sunkuyar da kai. Kunya ta ɗan taɓa ta, amma ba ta zauna ba.

"To in haka ne, dariyar fa? Mai riƙe da wannan ai ba ta dariya."

"Wa ya gaya miki? Ina yin kukana da asuba kafin kowa ya tashi. In gari ya waye ga goro, ga mutane, wata ta faɗi abu, sai in ji na yi. Ni ma da farko na ɗauka ba zan ƙara ba. Ban san yadda aka yi ba, ban kuma je wurin kowa ba." Ta mai da ɓarin goron ta ƙulle. "Yau na bar turmina na zo don an ce ba kya cin abinci. Kin ci. Ki tashi gobe ki zo tsohon gida, wurinki na nan, ko mu riƙa kawo kwando biyu nan ni da wata a cikin matan. Wannan maganar kuma mu bar ta a ɗakin nan, ba wanda zai ji."

Rahamatu ta kalle ta. Maganar ta yi daɗi, ta yi daɗi ƙwarai, har ta ji zuciyarta na son amsawa. To amma ai haka masu abin suke, bakinsu zaƙi gare shi. Kuma me ya sa take son kada kowa ya ji? Idonta ya zagaya ya sauka a ɗaya gefen zanen Zaratu.

"Na ji, ƙawa," in ji ta. "Kwance mini ɗaya bakin zanen kawai in gani, shi ke nan."

Zaratu ta janye zanenta. Ta tattara goron da aka ɓare da wanda ba a ɓare ba ta zuba wuri ɗaya, ta kife ƙwaryar a kai, ta ɗora kwandon a ka ba tare da ta nemi a taya ta ba. Ta tsallake ruwan da ya malale a daɓe, ta fita, ta jawo ƙofar da ƙarfin da sai da kwanon rufin ya amsa.